Firit a Kan Tsohuwar Gadar Katako

Likitan ido ne ya jawo maganar tsuntsaye. Ya ce wa Mai Agogo, mai gyaran agogon da ya yi shekara da shekaru sunkuye a kan tebur da gilashi manne a ido ɗaya yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba, dole ya riƙa ba idonsa abin kallo mai nisa. Sai ya sayi tsohon madubin hangen nesa a wurin masu kayan gwanjo, ya kwance shi, ya goge, ya mayar. Duk ranar da bai buɗe shago ba, yana can yana zagaya lambunan shaƙatawa na garin. Abin da aka fara da sunan magani ya zama jaraba, har ya kai yana gane tsuntsu da kukansa tun kafin ya gan shi.

'Yarsa kuwa ba ta san kukan tsuntsu ba. Wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta tun tana koyon tafiya. Yanzu shekararta bakwai, amma jikinta kamar na 'yar biyar, shi ya sa kowa ke kiranta Firit. Da hannu ake magana da ita a gidan. Tsuntsaye ba su dame ta ba, ta ce ba sa tsayawa a kalle su. Nata abin kallon malam-buɗe-littafi ne. In ta gan shi sai ta harɗe manyan yatsunta biyu ta kaɗa sauran kamar fiffike, ta bi shi duk inda ya nufa.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar zafi, makarantu na dogon hutu. Maman Firit, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana da aikin safe. Tana ɗaura agogonta a bakin ƙofa ta ce wa mijinta, "Kada ka saki hannunta. Na san ka, in ka ga fiffike sunanka ma mantawa kake yi."

"Ai da Yaya za mu tafi."

"Yayar da ke barci a tsaye?"

"Ina jin ki," in ji Yaya daga kicin, tana zuba shayi a filas. "Wannan mijin naki ni na goye shi har ya yi gemu, ban taɓa yar da shi ba."

Yaya babbar yayarsa ce, tsohuwar malamar firamare, mace mai jiki da ciwon gwiwa. Ita kaɗai ce har yanzu ke kiransa Auta, ko a gaban masu kawo gyara.

Sun fara da ƙaramin lambun da ke bayan gidan waya. Furanni sun buɗe jajaye da ruwan ɗorawa, su malam-buɗe-littafi sun yi musu caa. Firit, cikin rigarta mai ruwan ƙwai, ta durƙusa ta ƙura wa wani fari mai ɗigon baƙi ido, ko numfashin kirki ba ta yi. Mai Agogo ya ga kurciyoyi, ya ga tsattsewa na yanka iska a saman rufin gidan waya. Ya miƙa wa Yaya madubin, ta kara a ido ta ce ita ganye kawai take gani, da wani mutum can yana sosa ƙeya.

Da rana ta ɗaga suka hau bas zuwa babban lambun bakin gari, mai tafki a tsakiya. Suka sami benci a inuwa, suka ci burodi da dafaffen ƙwai, suka kora da shayi. Nan ne ya ji wani kuka daga ƙetaren tafkin, cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, siriri mai karyewa a ƙarshe. Bai taɓa jin irinsa ba. Ya tsaya da kofi a hannu.

"Je ka, Auta," in ji Yaya. "Na ga wuyanka har ya ƙara tsawo. Bar mini ita."

Ya tsuguna gaban Firit ya yi mata alama: zauna wurin Gwaggo, yanzu zan dawo. Ta gyaɗa kai, bakinta cike da burodi.

Hanyar ta bi gefen tafkin ta kurɗa cikin itatuwa, ta fi yadda ya zata nisa. Da ya ɓullo a ɗaya gefen, mai kukan ya yi shiru. Sai wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya a ruwa marar zurfi, kamar an dasa shi. Ya daɗe yana kallonsa. Can, don sabo, ya juya madubin wajen bencinsu.

Yaya na nan, kanta ya faɗo a kan ƙirji, hannuwanta a cinya. Gefenta ba kowa.

Ya duba ƙarƙashin bencin, ya duba bayan itacen, ya bi layin furanni. Hoton ya fara tsalle a idonsa. Ya danne gwiwar hannunsa a ciki ya sake bi a hankali, sai ya tsinci rigar nan mai ruwan ƙwai can ƙasa da bencin, a bakin ruwa.

Akwai wata tsohuwar gadar katako a wurin, wadda ta miƙa cikin tafkin ta tsaya a hanya, inda a da ake ɗaure kwale-kwalen haya. An daɗe da daina amfani da ita. Katakonta ya yi baƙi, wasu sun zube sun bar giɓi. An gitta igiya a bakinta da allon gargaɗi. Firit ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ko taɓa ta ba ta yi ba. A gabanta wani abu shuɗi yana tashi yana sauka, daga wannan katako zuwa wancan, yana ƙara shiga ciki.

Ya ƙwala mata kira. Ya san ba ta ji, ya fi kowa sani, amma bakinsa ya riga shi. Zalɓen ya tashi da nauyi ya bar wurin. Ya ƙwala wa Yaya, iska ta watsar da muryar a kan ruwa. Ya zaro waya ya kira lambarta, madubin na ido ɗaya. Wayar na ringi a kunnensa, Yaya ko motsi. Ya tuna wayar tata na cikin jaka, jakar kuma na ƙarƙashin benci, an danne ta da filas.

Ya ɗaga hannuwa biyu yana kaɗawa, yana tsalle kamar mahaukaci. Da za ta ɗago kai sau ɗaya, da ya yi mata alamar tsaya, ya yi mata alamar koma. Amma idonta na ƙasa. A cikin madubin yana ganin har igiyar takalminta da ta kwance, yana ganin yadda katako ke lotsawa in ta taka, kamar ya miƙa hannu ya cafke ta. Da ya sauke madubin sai ta koma ɗan ɗigo a can nesa.

In ya tsaya, zai ga duk abin da zai faru, ba abin da zai iya. In ya ruga, itatuwa za su rufe masa ita. Ya sake kallonta sau ɗaya, sannan ya ruga.

Rabonsa da gudu tun yana saurayi. Madubin na dukan ƙirjinsa, numfashinsa na fita da ƙara, wani abu na sukarsa a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta tsakanin itatuwa yana hango ƙyallin ruwa, ba ya hango gadar. Ba abin da ke zuwa masa a rai sai fuskar matarsa a bakin ƙofa. Ya wuce wasu masoya a kan tabarma, suka bi shi da kallo. Ya yi tuntuɓe da saiwa ya dafa ƙasa ya tashi. Gaba kaɗan ya ci karo da mai yankan ciyawar lambun yana tura injinsa mai ƙara. Ya cafki rigarsa.

"'Yata... tana kan tsohuwar gada. Ba ta ji. Kurma ce."

Mutumin ya kashe injin, ya dubi fuskarsa. Ya ce, "Bari in ɗauko tsani," ya yanki wata hanya da gudu.

Da Mai Agogo ya fito fili ya hango gadar, ba kowa a tsaye a kanta. Ya ƙara gudu. Sai da ya iso bakin igiyar ya gan ta, can kusa da ƙarshe. Katako ya ɓurma da ita. Ta zurma har hammata, hannuwanta biyu a shimfiɗe a kan katakon gefe, kanta da kafaɗunta kaɗai ke sama. Bayanta ta ba shi. Tana fitar da wani siririn sauti mai shaƙewa, wanda bai taɓa jin ta yi ba.

Ya tsallake igiyar ya taka katakon farko. Gadar gaba ɗaya ta girgiza. Firit ta ji motsin a jikinta, ta yi ƙoƙarin waiwayowa, sai hannunta ɗaya ya zame, ta ƙara nutsewa har haɓa ta kusa taɓa katako. Ya daskare. A hankali ya janye ƙafarsa ya koma ƙasa. In ya bi ta sama, nauyinsa ne zai jefa ta.

Bai iya ruwa ba. Ko kwale-kwale bai taɓa yarda ya shiga ba a rayuwarsa. Ya dubi ruwan, kore shar, ba a ganin ƙasansa. Ya zagaya gefen gadar ya shiga.

Sanyin ruwan ya ba shi mamaki a wannan zafi. Ya kama ginshiƙin farko, mai santsi da gansakuka, ya ja jikinsa zuwa na gaba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ƙasan ba ƙasa ba ce, laka ce mai laushi, kowane taku sai ta riƙe ƙafar kamar ba za ta saki ba. Ƙarƙashin gadar duhu ne da warin ruɓaɓɓen itace, haske na zubowa layi-layi ta tsakanin katakai. Wani abu ya goge shi a cinya ya wuce. Ya cije leɓe ya ci gaba. Da ruwan ya kai ƙirji numfashinsa ya fara yankewa, ya ji kamar an ɗaure shi da igiya. A bayansa ya ji muryar Yaya ta tashi a bakin ruwa, tana kiran sunan Allah tana kiran Auta. Bai waiwaya ba.

Sai ga ƙafafun Firit suna reto a sama da ruwa, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Jini na bin cinyarta yana ɗiga daga diddige. Rigar ta tattare a hammata inda katakon ya maƙale ta. Kafin ya iso ƙarƙashinta ruwa ya kai masa wuya.

Ba yadda zai gaya mata shi ne. Ba ta ganinsa, ba ta jinsa. Ya miƙa hannu ya kama idon sawunta. Ta ƙwalla ƙara, ta shiga harbi da ƙafa biyu, diddigenta ya same shi a hanci, ɓarɓashin katako ya zubo masa a ido. Ya ji jikinta na zamowa. Ya riƙe ƙafar da babu takalmi gam, ya laluba babban yatsanta, ya matsa shi a hankali, ya saki, ya sake matsawa. Haka yake tashinta kullum da safe in za ta makaranta.

Harbin ya tsaya. Yatsun ƙafar suka lanƙwashe suka kama hannunsa.

Ya matsa daidai ƙarƙashinta, ya ɗora tafin ƙafarta ɗaya a kafaɗarsa ta dama, ɗayan a ta hagu, ya rungume ginshiƙi da hannu ɗaya. Ta sakar masa nauyinta. Nauyin ba wani abu ba ne, a hannu ɗaya yake ɗaukarta, amma lakar ta ji shi. Ya ji ƙafafunsa na shiga a hankali, kamar ana jansu daga ƙasa. Ruwa ya taɓo haɓarsa. Ya ɗaga kai sama, ruwan ya cika masa kunnuwa, duk hayaniyar bakin tafkin ta ɗauke. Ba ya jin komai sai bugun zuciyarsa. Abin da yake gani kawai gefen rigar mai ruwan ƙwai da wani tsatsattsen ƙusa da ya leƙo kusa da haƙarƙarinta.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Ruwan ya fara shiga gefen bakinsa, yana furzarwa. Ya fara lissafin abin da zai yi in ya rufe masa hanci: zai riƙe numfashi, zai miƙa hannuwa sama ya tallafe ta da su, daga nan kuma bai sani ba. Cinyoyinsa na karkarwa. Ƙafafun Firit ma na karkarwa a kafaɗunsa.

Wata inuwa ta gitta a kan layukan hasken. Mai yankan ciyawa ya shimfiɗa dogon tsani a kwance a kan gadar, yana jan ciki a kansa, katakai na kuka a ƙarƙashinsa. Hannuwa biyu suka zuro ta ramin suka kama yarinyar a hammata. Mai Agogo ya saki ginshiƙin, ya sa tafin hannunsa tsakanin ƙusan da jikinta, ya tura ta sama. Ƙusan ya yage masa bayan hannu. Nauyin ya bar kafaɗunsa, ƙafafun suka ɓace ta ramin, hasken rana ya faɗo masa a fuska.

Turawar da ya yi ta ƙara nutsar da shi. Ya haɗiyi ruwa, ya lalubo ginshiƙin ya ɗago bakinsa da ƙyar. Ya ja ƙafar dama, ta ƙi. Ya ja ta hagu, ta ƙi. Sai yanzu tsoron kansa ya zo masa gaba ɗaya, har ya ji yana kuka kamar yaro. Aka jefo masa igiyar nan ta bakin gada, wadda aka kwance, ta faɗo a gefensa. Ya naɗa ta a hannu. Mutanen da suka taru suka ja, lakar ta riƙe, suka sake ja, sannan ta sake shi, ta riƙe takalmansa duka biyu.

A kan ciyawa ya yi ta aman koren ruwa. Firit na naɗe cikin gyalen Yaya, haƙoranta na haɗuwa duk da zafin rana. Da ta gan shi ta fizge ta rarrafo ta cusa kanta a wuyansa, da laka da komai. Ya so ya yi mata magana, hannuwansa suka ƙi tsayawa su yi alama ko ɗaya.

Yaya na durƙushe a gefe, ita da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. "Ido kawai na runtse, Auta. Tana nan tana cin burodi. Ido kawai na runtse."

"Tashi, Yaya," ya ce. "Nemo mana mota."

Mai yankan ciyawa ya ɗaure cinyar yarinyar da tsabtataccen ƙyalle daga akwatin taimakon gaggawa na ofishin lambun, ya rako su har bakin titi. Mai Agogo ya kama hannunsa da hannu biyu. Mutumin ya ce, "Ku dai yi sauri, ƙusan nan ya yi tsatsa. Kai ma a duba hannunka." Mai tasin da ya tsaya ya dubi lakar, ya dubi yarinyar, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kujera.

Asibitin da Maman Firit ke aiki suka nufa. Tana fitowa daga wani ɗaki da tire a hannu ta gan su a baranda: mijinta ba takalmi, hanci a kumbure, madubin hangen nesa na rataye a wuyansa yana ɗigar ruwa, 'yarta a kafaɗarsa. Ta ajiye tiren a kan taga a hankali. Ta karɓi yarinyar ta shige da ita.

Ita ta wanke ciwon da kanta, ta riƙe fuskar Firit tana yi mata alamu masu ban dariya yayin da likita ke ɗinki. Aka yi wa uba da 'ya allurar rigakafin tetanus saboda tsatsar ƙusan. Maman Firit na tsaye a kan yarinyar har aka gama aka naɗe. Sai da yarinyar ta yi barci a kan gadon ta fito baranda inda yake zaune, ta zauna kusa da shi. Ya ba ta labarin tun daga kukan da ya ji a ƙetaren ruwa, bai rage komai ba. Ya jira faɗa.

"Har ina ruwan ya kai maka?" ta tambaya.

Ya nuna leɓensa na ƙasa.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta kifa fuskarta a gwiwa, kafaɗunta suka fara girgiza. Wata abokiyar aikinta ta leƙo, ta gan su, ta koma ta ja ƙofa.

Faɗan ya zo daga baya, bayan kwana biyu, kuma ya sha shi yadda ya kamata. Firit ta yi ɗingishi na ɗan lokaci, ciwon ya warke ya bar tabo mai tsawo a cinya. Abin da ya daɗe bai warke ba shi ne katako. Ko murfin kwalbati na katako ta gani a hanya sai ta tsaya cak ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Shi kuma ya yi makonni in ya kai kofin ruwa baki sai gabansa ya faɗi. Hukumar lambun ta sa aka cire gadar, ginshiƙan kawai aka bari a tsaye cikin ruwa.

Yaya ce ta ɗauke ƙafa daga gidan. In an kira ta sai ta ce gwiwa ce. Firit ta yi ta tambaya, tana kumbura kumatu tana buɗe hannuwa, wato alamar da ta ƙirƙira wa Gwaggonta. Ranar wata Lahadi Maman Firit ta ce, "Wannan abin ya isa haka," ta shirya yarinyar suka tafi gidan Yaya su uku.

Sun same ta zaune a tsakar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti. Ta rame. Da ta gan su ta fara neman tashi, ta ce, "Maman Firit, ni ban san da wane ido zan..."

"Yaya, matsa mana mu zauna, mun sha rana."

Firit ba ta jira kowa ba. Ta ture farantin gefe, ta haye cinyar Gwaggonta, ta ɗage siket ta nuna mata tabon, ta kama yatsan tsohuwar ta bi da shi a kai daga sama har ƙasa, tana duban fuskarta ta ga ko ta yaba da girmansa. Yaya ta share ido da bayan hannu ta gyaɗa kai da ƙarfi, alamar lallai babba ne. Sannan ta dubi ƙanenta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Auta, ka tsaya kamar baƙo. Ɗora mana ruwan shayi, ashana na kan taga."